Kamu Uku Tsakanin Mota da Mai Keke



An nemi in yi magana a kan tambaya guda: idan direba zai wuce mai keke, wace irin tazara ya kamata ya bari tsakaninsu? Zan ba da amsar tun yanzu, don wanda uzuri ya tayar kafin in kammala ya tafi da ita. A cikin gari, mita ɗaya da rabi, wato kamu uku na babban mutum. A babbar hanya, inda ake sakin totur, mita biyu, kamu huɗu. Awon yana tashi ne daga madubin gefen mota zuwa gwiwar hannun mai keke, ko zuwa bakin kayan da ya ɗauro, duk wanda ya fi fitowa. In hanya ba ta ba da wannan fili ba, to lokacin wucewa bai yi ba; sai a rage gudu, a bi shi a baya har sarari ya samu. Abin da ya rage na laccar nan dalilai ne, domin direban da ya san dalili ba ya bukatar jami'i ya tsaya a kansa.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, keke ya dawo titunanmu da ƙarfinsa. Mutanen da suka jingine Raleigh da Phoenix a zaure shekara da shekaru sun kakkaɓe su, sun kai wa mai faci. Malamin firamare, da mai gadi, da masinjan ofis, da ɗalibi, da tela, duk ga su nan a kan feda, suna raba kwalta ɗaya da tirela da tifa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne suka mutu a haɗurran hanya a shekarar 2021, fiye da rabinsu kuma mutanen da babu ƙarfe a kewaye da jikinsu ne: masu tafiya a ƙasa, da masu babur, da masu keke. In aka auna da yawan jama'a, babu yankin da ya kai Afirka yawan wannan asarar. Kuma abin bai bar babba ba. A shekarar 2001, Ministan Sufuri na wancan lokaci, marigayi Ojo Maduekwe, wanda ya yi ta kiran 'yan Najeriya su rungumi keke, bas ta make shi ya faɗa rami yana kan kekensa zai tafi aiki a Abuja. Wanda sufurin ƙasa duka ke hannunsa ke nan, balle wanda ba a san sunansa ba.

To, me ya sa abin da faɗinsa bai wuce kamu ɗaya da 'yan kai ba zai bukaci fili haka? Dalili na farko, keke ba ya tafiya a miƙe, kuma ba zai taɓa iyawa ba. Mota tana da ƙafa huɗu, ko ta tsaya cak ba ta faɗuwa. Keke ƙafa biyu gare shi, abin da ke riƙe shi a tsaye kuwa shi ne 'yar karkatar da mahayi ke yi da kan keken, dama da hagu, ba tare da ya ma san yana yi ba. Iya raguwar gudunsa, iya ƙaruwar wannan tangaɗin. Shi ya sa a hawa, ko lokacin da yake tashi daga tsayuwa, ko in ya ɗauko kaya ko goyo, za ku ga yana lilo fiye da kullum.

Dalili na biyu, wurin da muka bar masa shi ne mafi muni a titi. Ku kawo wani mutum a ranku wanda kowa a nan ya sani: mai lambu da ya fito daga fadama bayan sallar asuba, ya ɗaure buhun alayyafo da latas a kariya, kayan sun fi kafaɗarsa faɗi ta kowane ɓangare, yana sauri ya riski kasuwa kafin rana ta taɓa ganyen. A hannun damarsa bakin kwalta ya guntule, akwai tsalle kamar tsawon yatsa tsakanin kwalta da ƙasa. A gabansa yashin da iska da ruwan sama suka tara ya kwanta a gefen titi. Da zarar ƙafar gaba ta shiga yashi sai ta nutse, kan keke ya murɗe a hannunsa. Bayan yashin ga rami, ga fasasshiyar kwalba, ga bakin kwalbati da aka sace murfinsa, ga akuya, ga ƙofar motar da aka faka wadda za a iya buɗewa ba a duba ba. Duk ɗayan waɗannan da ya tarar, mafitarsa guda ce: ya kauce zuwa hagu, inda motarka take. Shi yana ganin ramin, kai da ke bayansa ba ka gani. Sai ka ce ya shigo maka ba gaira ba dalili, alhali da bai kauce ba da ya kife.

Dalili na uku shi ne faɗuwar kanta. Babban mutum a kan keke, kansa yana sama da ƙasa da kimanin mita ɗaya da rabi, ko ma fiye. In ya faɗi ta gefe, tsawon nan ne zai kwanta a kan kwalta.  Kamu uku shi ne filin da in bawan Allah ya zame, zai faɗi a ƙasa, ya ƙuje gwiwa, ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. In an bar masa kamu ɗaya, faɗuwar iri ɗaya ce, amma kansa a ƙarƙashin tayarka zai sauka.

Wani zai ce, ai in na ga zai faɗi sai in taka birki. Mu yi lissafi tare. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da ƙafa ta sauka a kan birki, mutum mai cikakkiyar natsuwa yana cin daƙiƙa ɗaya ko fiye. Kafin birki ya soma kamawa, motar ta riga ta yi tafiyar tsawon mota uku ko huɗu. In ka riga ka jera da mai keke, birki ba shi da sauran amfani. Abin da kawai zai cece shi shi ne filin da ka bari tun kafin ka iso. Gudu kuma yana da nasa hukuncin: Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa haɗarin mutuwar mutumin da gaban mota ya buge yana ninkawa sau huɗu da rabi idan gudu ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65. Saboda haka tazara da rage gudu tare suke tafiya.

Ina da magana ta musamman da 'yan'uwana direbobin tirela, da tanka, da tifa, da manyan bas. Babbar mota in tana gudu, gabanta yana ture iska gefe, iskar ta hankaɗa mai keke waje. Da kan motar ya wuce, sai iskar ta juyo, ta janyo shi zuwa jikin motar. Shi kuwa da ma ya karkata ciki don ya tare hankaɗar farko, sai janyowar ta same shi a karkace, daidai lokacin da tayoyin baya suke isowa. Ƙari a kan haka, tayoyin bayan tirela ba sa bin sawun na gaba. A kwana, ko lokacin da kake komawa hannunka, suna yankowa ciki. Kana iya ba shi fili da kan mota, bodi ya matse shi. Kuma ku kun fi ni sanin cewa ta hannun yaron mota akwai wurin da madubi ba ya nunawa, inda mutum da kekensa za su ɓace maka gaba ɗaya. A wurinku kamu huɗu shi ne mafi ƙaranci, kuma kada ku koma hannu sai kun ga mai keken sarai a madubi, ya rage a baya da nisa.

Wannan awo ba ni na ƙirƙiro shi ba. Ƙasashe da dama sun sha irin asarar da muke sha, suka ga cewa faɗa wa direba ya bar isasshen fili bai wadatar ba, domin kowa da abin da yake gani isasshe, sai suka sa adadi. Jihar Wiskonsin ta Amurka ta kafa dokar ƙafa uku, kusan mita ɗaya, tun 1973, jihohi da yawa suka bi bayanta. A Faransa doka ta ce mita ɗaya a cikin gari, mita ɗaya da rabi a wajen gari. Sifen ta tsaya a kan mita ɗaya da rabi. Jihar Kwinsland ta Ostareliya ta fara a 2014 da mita ɗaya inda iyakar gudu ba ta wuce kilomita 60 ba, mita ɗaya da rabi inda ta wuce. Jamus, tun Afrilun 2020, ta ce mita ɗaya da rabi a gari, mita biyu a wajen gari. Birtaniya kuma, a gyaran ƙa'idojin hanya da ya fara aiki ranar 29 ga Janairun 2022, ta ce aƙalla mita ɗaya da rabi a gudun da bai wuce mil 30 ba, wato kusan kilomita 48, a ƙara fili in gudu ya fi haka, a kuma jira a baya in filin bai samu ba. Gyaran ya zo da wata ƙa'ida da ta fi adadin muhimmanci: wanda abin hawansa ya fi iya yin ɓarna, shi ya fi ɗaukar nauyin kiyaye na ƙasa da shi. Na zaɓi awon Jamus ne don titunanmu sun fi nasu yashi da ramuka, masu kekenmu kuma sun fi nasu ɗaukar kaya.

Akwai wani bincike da nake so ku ji. A shekarar 2006, Dakta Ian Walker, masanin halayyar masu amfani da hanya a Jami'ar Bath ta Ingila, ya ɗaura wa kekensa na'urar auna tazara, ya yi ta yawo a garuruwan Salisbury da Bristol, ya auna motoci fiye da 2,000 da suka wuce shi. Ya gano cewa manyan motocin kaya da bas, waɗanda ya kamata su fi ba da fili, su ne suka fi matsowa. A yayin binciken ma sau biyu ana buge shi, sau ɗaya bas, sau ɗaya babbar motar kaya. Ya kuma gano cewa in ya sa hular kwano, direbobi kan matso kusa da kimanin santimita takwas da rabi, in kuwa ya sa dogon gashi har aka zaci mace ce, sai su ƙara masa kimanin santimita 14. Masana sun yi ta muhawara a kan batun hular, kuma kada wani ya fahimci cewa ina hana sa ta. Hula tana kare kai. Darasin da na ɗauka shi ne, direba yakan yanke wa mai keke tazara bisa zaton da ya yi masa daga baya: wannan ƙwararre ne, ba zai yi tangaɗi ba. Amma ramin da ke gaba bai san ƙwararre ba. Adadi tsayayye yana raba direba da wannan zaton.

Yanzu ga ƙorafin da na san yana ran mutane da yawa a zauren nan: titunanmu ƙanana ne, ina za a samu kamu uku? Ƙorafin yana da tushe, bari ma in ƙarfafa shi da lissafi. Hannu ɗaya na titi faɗinsa wajen mita uku da rabi ne. Mai keke da ɗan filin da ke tsakaninsa da bakin kwalta sun ci mita ɗaya. Tazara ta ci mita ɗaya da rabi. Ƙaramar mota faɗinta kusan mita biyu ne in an haɗa da madubi. Jimla ta haura mita huɗu. Babbar mota kuwa ita kaɗai mita biyu da rabi ce. Ma'ana, a hannu ɗaya mota da keke ba sa jerawa lafiya. Wanda zai wuce mai keke dole ya leƙa ɗaya hannun, kamar yadda zai yi in mota zai wuce: ya duba madubi, ya ba da sigina, ya tabbata babu mai tahowa, ya fita sosai, ya wuce, sannan ya dawo. In akwai mai tahowa, ko kwana ce, ko kan gada, ko tudun da ba a ganin bayansa, ko bakin mahaɗa, sai haƙuri. Sau da yawa matsewar da ake yi wa masu keke tana faruwa ne a daidai wannan lokacin, da direba ya ga mota na tahowa, ya ƙi ɗaga ƙafa, ya kutsa tsakani.

Nawa haƙurin yake ci? A ce kana gudun kilomita 50, ka tarar da mai keke yana tafiyar kilomita 15, ka bi bayansa daƙiƙa 20 kafin hanya ta buɗe. A wannan lokacin kun ci mita 83, tafiyar da da za ka yi ta a daƙiƙa 6. Asararka daƙiƙa 14 ke nan, ba ta kai tsayuwar danja ɗaya ba, ba ta kai lokacin da kake ɓatawa wajen neman canjin fasinja ba. Na san nauyin balas, na san mai mota yana jiran kuɗinsa da yamma. Amma wanda ya taɓa kwana a ofishin 'yan sanda da mota a tsare, ana jiran labari daga asibiti, ya san yadda sauri ke haifar nawa.

Sai batun oda. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka in mun danna oda mun sauke nauyi: ai na yi masa oda, bai kauce ba. Ina zai kauce? Damarsa yashi ne ko lambatu. Odar da aka danna a ƙeyar mutum kuma firgita shi take yi, ya waiwayo, kan keke ya bi inda fuskarsa ta juya, ya shigo gabanka. In za a yi oda, a yi ta daga nesa, gajeriya, don ya san ana tafe. Ku lura da abin da muke yi in muka hango garken shanu a bakin hanya. Babu mai kutsawa. Kowa rage gudu yake, ya ba su fili, don ya san saniya tana iya juyowa kuma za ta lotsa masa mota. Iyawar tana nan ke nan, mun san yadda ake yi. Abin da nake roƙo shi ne a yi wa ɗan Adam abin da ake yi wa saniya, ko da jikinsa ba zai lotsa bodi ba.

'Yan'uwana masu adaidaita sahu da ƙananan bas na haya, naku ya fi yawa bayan wucewa. Ka wuce mai keke, ka hango fasinja ya ɗaga hannu, ka yanko gabansa ka tsaya. Birkin keke roba ce 'yar ƙarama da ke kama bakin ƙarfen ƙafa, in ruwa ya jiƙa ta ma da ƙyar take kamawa. Ko ya daki bayanka, ko ya kauce hagu cikin motoci. Haka wanda zai shiga kwana ta dama: in kwanarka ta kusa, zauna bayansa, ka bar shi ya wuce mahaɗar, sannan ka shiga.

Ba na wanke masu keke. Akwai mai tafiya da dare ba fitila, sanye da baƙaƙen kaya. Akwai mai bin hannun da ba nasa ba yana fuskantar motoci, da mai tsallaka titi ba ya waiwaye, da wanda birkinsa tafin ƙafarsa ne, da yaran da ke tsere ko kama bayan tifa. Duk wannan kuskure ne, kuma wajibi ne a gyara. Amma kuskuren mai keke jikinsa yake ci, kuskuren direba jikin wani yake ci. Tazarar nan ma saboda masu kuskure aka yi ta. Da kowa ba ya kuskure, da kamu ɗaya ya isa.

Kuma kada mu fake da ƙaddara. Mun yi imani kowane rai da ajalinsa, amma addinin da ya koya mana haka shi ne ya ɗora wa wanda ya kashe rai bisa kuskure diyya da kaffara, har da azumin wata biyu a jere, kamar yadda aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta bayyana. In wanda bai yi niyya ba yana ɗauke da wannan nauyi, ina ga wanda ya ga mutum sarai, ya san hanya ba ta isa ba, ya ce bari in gwada? Malamanmu sun karantar da mu cewa hanya tana da haƙƙi, kuma kamewa daga cutar da masu wucewa yana cikin haƙƙoƙinta.

Zan rufe da roƙo ga kowane ɓangare. Ga Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda tun kafuwarta a 1988 wayar da kai ke cikin aikinta, da hukumomin jihohi irin su KAROTA: akwai dabarar da 'yan sandan yankin Birmingham na Ingila suka fara a 2016. Jami'i yakan hau keke cikin farin kaya. Duk direban da ya matse shi, sai abokan aikinsa da ke gaba su tsayar da shi, su shimfiɗa masa wata shimfiɗa da aka zana awon mita ɗaya da rabi a kanta, su nuna masa da idonsa abin da ya kamata ya bari. Bayan shekara guda rundunar ta ba da rahoton cewa masu keken da suka mutu ko suka ji mummunan rauni a yankin sun ragu da kashi 20 cikin 100. Keke ɗaya, da tabarma, da fenti sun isa a gwada wannan a nan.

Ga malaman koyon tuƙi: kada ɗalibi ya bar hannunku sai kun tsayar da shi a kan keke a filin koyo, kun wuce shi da mota a hankali, sau ɗaya a kamu ɗaya, sau ɗaya a kamu uku. Abin da jikinsa ya ji ba zai manta ba. Ga shugabannin tasha: ku zana layi biyu a ƙasa a bakin fita, kamu uku tsakaninsu, kowane direba ya gani kafin ya hau titi, kuma ku sa maganar cikin abin da kuke hukunta 'ya'yan ƙungiya a kai. Ga hukumomin gyaran hanya da na tsaftar gari: kwashe yashin gefen titi, da cike bakin kwalta, da rufe kwalbati aikin ceton rai ne, domin su ne ke turo mai keke tsakiyar hanya. Ga iyaye: kafin yaro ya fita da keke zuwa makaranta ko Islamiyya, a duba birkinsa, a sa masa fitila da abin ƙyalli a baya, a koya masa bin hannunsa da miƙa hannu kafin ya juya. Ga fasinja kuma: in direba ya rage gudu a bayan mai keke, kada ka ce masa ya yi sauri, in ya matse shi, ka yi magana.

Ku kuma direbobi, sitiyari a hannunku yake, babu jami'in da zai iya bin kowannenku. Daga yau, in kun hango mai keke, ku ɗaga ƙafa daga totur tun daga nesa, ku tambayi kanku: in ya faɗi yanzu, ina zai sauka? In amsar ita ce ƙarƙashin motata, ku jira.

Allah Ya tsare mu da abin hawanmu, Ya tsare mutane daga hannunmu, Ya jiƙan waɗanda muka rasa a kan hanya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.